Ƙari Ko Ragi

Sun ba ni riga mai tambari, da jaka, da biro biyu,
da takarda mai gurabe kamar filin dara,
suka ce in je in ƙirgo musu 'yan asalin birni.

Da hantsi na fara da Agadasawa.
A zauren farko Malam Mijinyawa na ɗinkin hula.
Na ce, "Baba, ɗan asali ko baƙo?"
Bai ɗago ba sai da ya ciji zare.
"Kakan kakana da raƙumi ya shigo ta Ƙofar Ruwa,
gishiri ya kawo, aure ya riƙe shi.
Duk a ƙasar nan aka binne cibiyarmu.
Kai da ka yi boko, nuna mini gurbin da zan shiga."
Birona ya tsaya a sama kamar shirwa.

A Ayagi na tarar da Inna Tasalla tana tankaɗe.
"'Ya'ya nawa, Inna?"
"Ba a ƙirga ɗa, yaro.
Kuɗi ake ƙirgawa, shi ya sa suke ƙarewa."
Sai na ƙirga takalman bakin ƙofa:
mutum sha ɗaya. Na rubuta.
Ina fita wani ya gifta ni a guje, ƙafarsa ba komai.

A Tudun Nufawa wani ya ji an ce haraji ne,
gidansa ya koma mutum uku.
Maƙwabcinsa ya ji an ce shinkafa za a raba,
har mamatansa ya tasa,
da ɗansa da ke Ikko shekara tara.

Akwai lungun da ruwan sama ya hana ni shiga.
Na tsaya a bakin kwata na kintata.
Allah Ya yafe mini, arba'in na ba su.

A ofis, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa,
Oga ya tara, ya ninka,
ya yanke wa lissafin wutsiya
don sifili ya fi kyau a ido.
Ya sa "kimanin" a gaba, "ƙari ko ragi" a baya.

Bayan wata shida, ina shan koko,
na ji adadin a rediyo
cikin muryar da ba ta tuntuɓe.
Na nemi arba'in ɗina a ciki.
Na nemi yaron nan marar takalmi.

Gurbin Malam Mijinyawa kuwa fari na bar shi,
ba wanda ya tambaye ni.
Jiya na bi ta ƙofar gidansa,
ya kusa gama wata hular.