Taru a Bango

A Valparaíso, kan tudu mai matakala ɗari da tara,
ƙasa ta yi miƙa da asuba, kamar yadda ta saba.
Kofuna suka hau cacar baki a kan kanta,
gwangwanin shayi ya faɗo, ya wage baki,
ya watsar da abin da Eduvigis ta bari:
shekara arba'in na 'yan kunne.

Ni Baldomero, da gwiwar da teku ta cinye,
na bi su da rarrafe har ƙarƙashin gado.
Na azurfa, na tagulla,
na roba da jikarmu ta saya da kuɗin alawa.
Na jera su bibbiyu, miji da mata,
sai mai shuɗin dutse ya rage shi kaɗai,
irina, a bakin tebur zaune.

Maite ta ce, "Kaka, mu saya musu akwati."
Na ce, yarinya, akwatin da na ɗauka bara ya ishe ni.
Abin da aka ƙera don ya yi lilo
ba a kwantar da shi cikin duhu,
hutunsa a rataye ne.

Na ciro firam ɗin tsohon madubi,
na kankare gishirin da iska ta shafa masa.
Na yanko kamu biyu daga tarun da na daina jefawa,
na wanke shi sau uku, ƙarnin kifi ya ce yana nan.
Sai rigar girkinta,
shuɗiya mai zanen lemun tsami,
gefen da murhu ya lasa har yau a ƙone.

Almakashi ya daɗe a hannuna bai ce komai ba.

Na ɗinke taru ya fi dubu,
amma allurar mata wata halitta ce:
ƙarama, mai ido ɗaya, ba ta ganin girman kowa.
Zare ya ƙi shiga, na lashe shi, ya sake ƙi,
Maite ta zura shi tana kallon taga.
Na soki yatsa sau biyu.
Ɗigon jinin yana kusa da lemo na uku,
in ba an nuna maka ba, ba za ka gane.

Ɗinkina ya tafi kamar kaguwa, a karkace.
Na warware, na sake, ya ƙara karkacewa.
Na ce a bar shi,
ko titin unguwarmu ba miƙaƙƙe ba ne.

Da na zo farke aljihun,
almakashi ya ciji wani abu, ƙas!
Can cikin kalmasa, inda huda ta kai shi,
ga ɗan'uwan mai shuɗin dutse.
Shekara bakwai ke nan da ta ce ni na share shi,
kwana biyu miyata ba gishiri.
Ashe tana ta yawo da shi a ƙugu,
tana harara ta, shi yana ciki a tsugune.

Na yi dariya har Maite ta tsorata,
ta kawo mini ruwa.

Muka ja ƙyallen ya yi tauri kamar filafilan jirgi,
taru a kansa, ƙananan ƙusoshi ta baya.
Kowane ido na tarun ya samu baƙo.
Wannan ne kamun da ya fi ƙanƙanta a rayuwata,
kuma shi kaɗai ban kai kasuwa ba.

Jiya da dare ƙasa ta sake juyi.
Ban tashi ba, na kasa kunne.
Ko ɗaya bai faɗo ba,
sai wannan ƙaramar ƙara, cas, cas,
irin wadda nakan ji in na yi ƙarya,
ta girgiza kai, ta ce,
"Baldomero, faɗa wa wani. Na san ko kai wane ne."