Garwashi a Jini

Ranar kasuwar Harbo,
Inna Kande na tsaka da ɗinkin faifai
kaba ta zame daga hannunta na dama.
Ta kira ni, sunana ya fito rabi,
rabin ya maƙale a gefen baki.

A asibitin Jahun suka ce gudan jini ne
ya tare hanya a ƙwaƙwalwa,
yadda kara ke toshe magudanar fadama.

Sambo mai awo ya ɗebi jininta a 'yar kwalba,
ya dawo da takarda, ya ɗora yatsa kan lamba:
"Wannan ma'aunin kumburi ne.
Gobara ta wuce, saura garwashi a toka.
In ya hau, sauƙi kan yi nawa,
in ya sauka, mu sa rai.
Ba alkawari na yi ba."

Ni da ban wuce aji huɗu ba
na haddace lambar kamar bashi.
Arba'in da biyu.
Na sayar da tunkiya, muka koma:
sha tara.
Na so in rangaɗa guɗa, na tuna asibiti ne.

Yanzu gero ya fid da kai.
Tana jan ƙafa zuwa gindin darbejiya,
rabin koko a baki, rabi a zane.
Jiya ta ce, "A-sa-be," duka ukun.

Faifan na rataye, basilla soke a jikinsa.
Ban ƙarasa mata ba.
Da safe na ga tana dubansa,
babban yatsanta na motsi shi kaɗai.