Kujera ta Biyu, Gefen Taga

Shekara ashirin da shida ina shiga jirgin nan
bayan kowa ya fita,
ni da tsintsiyar lantarki da safar hannu,
minti talatin da biyar, a Lisbon, ko ana ruwa ko ana ɗari.
Kujerun gaba ta ƙarƙashinsu na san su:
inda gyaɗa ke maƙalewa,
inda ɗan kunne ke faɗawa ba a dawo nema ba.

Yau da tikiti na zo.
Yarinyar da ke bayan kanta ta dubi allonta ta ce,
"Dona Graciete, akwai gurbi ɗaya a gaba,
Yuro ɗari huɗu da tamanin."
Kuɗin gyaran rufina ke nan cif.
Na tuna bokitin da ke tarar ɗigo a kicin,
na ce ai bokiti bai taɓa ƙorafi ba.
Na miƙa kati.

Labulen da na sha kakkaɓewa,
yau wani ya ɗaga mini.
Aka kawo tawul mai zafi a faranti.
Hannuna da bai san hutu ba
sai da ya goge jikin kujera
kafin ya tuna ina da fuska.

Na gefena, mai agogon zinariya,
ya yi barci tun ba mu tashi ba,
kamar a nan aka yanke masa cibiya.
Ni kuwa, wadda ta sayi awa takwas da rufin ɗakinta
ina ta ga ta rufe ido?
Na danna maɓalli, kujera ta miƙe,
gwiwoyina suka yi ajiyar zuciya.
Teku a ƙasa, baƙi ƙirin.
Na ci kifi da cokali mai nauyi,
na ɓoye cakulan biyu don jikata a Recife.

Da muka sauka kowa ya bar ɓarnarsa:
bargo a ƙasa, ɓawon lemo a aljihun kujera.
Na ninke nawa gida huɗu, yadda ake so,
na zura yatsa a tsagar nan da na sani,
na zaro gyaɗa uku. Ba ni na zubar ba.

A bakin ƙofa su biyar ne tsaye
cikin riga ruwan ɗorawa, suna jiran mu gama fita.
Ƙaramarsu tana hamma.
Na ce mata, "Ta biyu, gefen taga, an gama."
Ta dube ni, ba ta gane ba.
Na wuce da gyaɗa a tafin hannu
ina neman kwandon shara.