Amsar da Ban Ba Mai Keken Ba

Tsakanin Kawo da Unguwar Rimi
mai keken ya hango jakata ta madubi,
ya ga filaya, ya ga waya ja da baƙa,
ya ce, "Kayan maigida ne?"
Na ce nawa ne.
Ya yi dariya har ya kusa afka wa rami:
"To me ya kai mace hawa rufi?"
Na miƙa masa kuɗinsa na sauka.
Amsar doguwa ce, hanyar kuwa gajera.

Ga ta yanzu.

Uwata ta yi shekara goma sha ɗaya a masaƙar Kakuri
tana ƙulla zare in ya tsinke.
Ta san kukan kowane inji
kamar yadda ta san tarin 'ya'yanta cikin dare.
Sai ta ce, "Bel ɗin nan ba zai kai Juma'a ba."
In ya tsaya, sai a ce ta matsa gefe,
a kira wani mai shuɗiyar riga
ya zo ya gano abin da ta faɗa tun shekaranjiya.
Sifana ba ta taɓa ɗumi a tafinta ba.
Da aka rufe masaƙar
ta dawo da kunne ɗaya mai nauyi
da mataccen rediyon da wani ya jefar.
Ni na buɗe shi, da wuƙar yankan kuɓewa.
Ba ta ce in ajiye ba.
Fitila ta riƙe mini.

Sai daren da aka haifi Kasham, 'yar maƙwabciyarmu,
a ɗan asibitin bayan layin dogo.
Aka ɗauke wuta. Janareta ba mai.
Ungozoma ta ce, "Ke, haska nan."
Na tsaya da hasken waya, hannu na rawa,
caji na sauka, tara, takwas, shida,
ina addu'a ina lissafi.
A kan uku jaririyar ta yi kuka.
Na koma gida da fushin da barci bai sauke ba:
rana ta wuni tana gasa mana ƙeya,
amma ba wanda ya ɗebi ko cokali guda nata
ya ajiye mana saboda dare.

Malama Ladidi, mai alli har gwiwar hannu,
ba ta taɓa yi mana huɗuba a kan mata ba.
Batir ta kawo, da ƙusa, da zaren tagulla,
ta sa ƙusa ta ɗaga allura.
Gani ya kori ji.
Mu huɗu muka bi ta har bakin titi da tambaya.
Sagira na duba jini yau a Tudun Wada.
Tabita na rubuta wa kwamfuta umarni
daga ɗakin kakarta a Sabon Tasha,
ana biyan ta daga garin da ba ta taɓa gani ba.
Hajo ta tsaya a hanya, kuɗin rajista ya gagara.
Ita ta fi mu kai.
Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Don haka, malam mai keke,
ba gasa muke da kowa ba.
Lantarki bai taɓa tambayar sunana ba;
in na yi kuskure zai fizge ni
kamar yadda zai fizge ka.
Akwai wani irin adalci a ciki
da ban samu a wurare da yawa ba.

Yau faifai takwas na kafa a kan wancan asibitin.
Kasham, mai shekara bakwai, na tsaron noti a cikin gwangwani,
tana ƙirga su da ƙarfi, tana tsallake sha uku.
Da yamma na kai wa uwata sifana mai lamba goma.
Ta juya ta, ta sake juya ta,
ta ce, "Ashe ba ta da nauyi."