Layi Na Ɗari Huɗu Da Sha Biyu

A Duluth, ƙanƙara ta daskare bakin tafki,
aka kira Marjorie Lindqvist kotu,
tsohuwa mai dogara sanda.

Lauyoyi biyu, kowa da tulin takardu.
Na dama ya ce: "Kamfaninmu ya saye shi
daga wanda ya saya a hannun wanda ya karye."
Na hagu ya ce: "An raba faifan a jami'o'i,
ba hatimi, ba sunan mai shi.
Ruwan kogi ne, kowa ya ɗiba."

Suka shimfiɗa mata shi a teburi,
ruhin kwamfuta, baƙaƙe kan farar takarda.
Ta gyara tabarau, ta bi da yatsa,
a layi na ɗari huɗu da sha biyu ta tsaya:
"Kada a taɓa nan. Yana aiki, ban san dalili ba."

Ita ta rubuta, daren da Solveig ke zazzaɓi,
yarinya a cinya, shayi ya huce,
hannu ɗaya ke buga haruffa.

Alƙali ya ce: "To, na wane ne?"

Ta ce: "Ranka ya daɗe,
mutum dubu sun sa masa hannu bayana,
amma da masu saye da masu kwasa
ba wanda ya taɓa layin nan."

Ta roƙi shafin, aka hana ta.
Hujja ce, in ji magatakarda, sai an gama shari'a.
Ta sa safar hannu, ta fita jiran bas.