Gayyar Masu Saƙa

A Dalcahue ruwan sama ba ya sallama.
Kwana tara yana dukan kwanon rufi,
kasuwar bakin teku ta koma ta karnuka.
Eduvina Cárcamo ta ƙirga hulunan da ta saƙa:
ashirin da shida, ko ɗaya ba ta tafi ba.

Mabiyanta a waya sha ɗaya ne.
Bakwai dangi.
Ɗaya ya rasu bara, amma yana nan cikin lissafi.

Jikarta Ximena ta ce, "Kaka, akwai wani allo,
bango guda, mutum ɗari huɗu na manna hotuna,
duk masu saƙa, kowa da ƙasarsa,
idanu dubu tamanin na wucewa ta gabansa.
Sai dai ba a shiga sai mai shi ta buɗe ƙofa."

Mai shi wata Sirkka ce, can Finland.
Suka rubuta, suka goge, suka sake rubutawa.
Kwana goma sha biyu ko tari.
Sai ga amsa, da sharuɗɗa a goye:
hoto uku a rana, kada a zarce,
a tsaye, ba a kwance ba,
banda farashi, banda magiya,
in kin manna naki ɗaya, ki ɗauki biyu na wasu ki yaɗa.

Tsohuwa ta yi dariya har ta yar da zare.
"Ashe gayya ce! Mu minga muke ce mata.
Ina yarinya na ga an ja gida sukutum,
shanu goma sha biyu, maza na ihu cikin taɓo,
tukunya na rawa a kan murhu.
Wanda bai kama igiyar wani ba,
gidansa a inda yake zai ruɓe."

Hoton farko, hula ruwan toka a kan katako.
Kafin buta ta tafasa
hotuna arba'in sun hau kansa sun zauna.
Ta ja da yatsa, ta ja, ta ja,
kamar mai laluben kwabo a buhun dankali.

Duk da haka ta biya bashinta.
Ta yaɗa safar wani dattijo na Konya,
ta yaɗa safar hannu ta wata a Hokkaido
mai ɗaukar hoto kullum gefen taga ɗaya,
da tabon ƙuna a babban yatsa.
Ta fara sanin mutane ta hannuwansu,
wa ke matse zare, wa ke sakinsa,
wa ya yi kuskure a layi na tara ya bar shi.

Ran nan ta ɗauki ulu yana shanye bisa murhu,
rinin ɓawon albasa da gansakukar itace,
hoton ya karkace, wutsiyar kyanwa ta leƙo.
Ximena ta ce a goge.
Ba a goge ba.
Sau ɗari tara aka ɗauke shi,
mabiya suka kai ɗari uku da arba'in.

Huluna biyu aka saya.
Kuɗin aika ɗaya ya fi kuɗin hular.
Mutum shida suka nemi ta koya musu rini kyauta,
ta koya wa huɗu, biyu ba su yi sallama ba.
Sirkka ta aiko gargaɗi: jiya huɗu kika manna.

Yanzu ashirin da huɗu ne a kwando.
Ruwa bai ɗauke ba.
Amma ba wannan ke hana ta barci ba.
Mako uku ke nan tagar Hokkaido ba ta fito ba,
ba safar hannu, ba yatsa mai tabo.
Eduvina na tono tsofaffin hotunanta
tana sake yaɗa su, biyu-biyu, kowane dare,
ba tare da ta manna nata ba.
Ta so ta sa ta cikin addu'a,
sai ta tuna sunan da ta sani
haruffa ne huɗu da lamba.