Dashe

Wata bakwai ke nan da zuwana Tawa,
har yau ƙirgan kuɗinsu na ba ni kunya.
Mai albasa ta ce dala ashirin,
na miƙa jika. Ta dube ni, ta dubi jikar,
ta ce, "'Yar Najeriya, gonar kika zo saye?"
Rumfa uku suka taya ta dariya.

Ranar da ekklesiyarmu ta Malumfashi ta ɗora mini hannu
cewa aka yi, "Rifkatu, ke kin huta,
can ma Hausa ake yi."
Hausa ce kam.
Amma in na ce makaranta, su ce lakwal,
in na ce an ɗauke wuta, su ce kuran ya tahi,
in na ce zafi, su ce zahi,
nasu kuwa ya fi nawa cizo.

Ran Lahadi mu goma sha ɗaya ne ƙarƙashin kwano,
har da jaririn da ke barci a bayan uwarsa.
Nakan ta da waƙa da karin garinmu
in kai ƙarshen baiti ni kaɗai.
Da dare ina shimfiɗa a tsakar gida,
ladanin unguwa ne agogona,
ƙamshin miyar wasu ne ke tuna mini da Inna.

Sai ga uku ga Agusta.
Tun asuba rediyon maƙwabta ke ta take,
tuta a kan babura, tuta a bakin shago,
ruwan lemo, fari, kore, da rana zaune a tsakiya.
Na zaci fareti ne, mu tafa mu watse.
Sai Nomau mai gyaran keke ya buga ƙyaurena:
"Malama, ɗauko magirbi.
Bikin namu ba na kallo ba ne, dashe ake."

Can bayan gari mota ta sauke jariran itatuwa,
bedi, gawo, aduwa,
kowanne zaune cikin baƙar leda.
Ƙasa ja, rabinta tsakuwa.
Kafin ramina ya kai kamu ɗaya
tafin hannuna ya yi ruwa.

Na ɗauki bedina, na saka shi yadda ya zo.
Tsahara matar Nomau ta maƙe mini hannu:
"Haba! Da rigarsa za ki binne shi?
Yage ledar.
In ba haka ba saiwa ta yi ta zagaya kanta
har ta shaƙe."

Na yage.
Ga saiwoyin farare, a nannaɗe,
riƙe da ɗan dunƙulen ƙasar da suka zo da ita.
Na daɗe a durƙushe.
Tsahara ta ce, "Rana ce ta buge ki?"
Na ce, "I, rana ce."

Nomau ya shafa addu'arsa, na ce amin.
Na yi tawa a hankali,
bai ji me na roƙa ba, shi ma ya ce amin.
Hadari ya taso daga gabas bai yi sallama ba,
muka cunkushe gindin motar mu tara,
kofin shayi ɗaya yana yawo,
ba wanda ya tsallake ni.

Yanzu kullum la'asar ina kan hanya da jarka.
Akuyar wani ta cinye masa kai sau biyu,
na yi masa shingen ƙaya, na sha suka.

Inna ta aiko tana tambaya,
rai nawa na samu tun zuwana.
Na ce a gaya mata: bedi ɗaya, ganye huɗu,
bai kai gwiwata ba tukuna.
A kuma gaya mata jiya na koma wurin mai albasa,
ta ce dala ashirin,
na ce sha biyar,
ta harare ni, ta ƙara mini gyara.